Furen da Ya Koma Kore a Kan Mabiyiyar 'Yata

Gidan da aka ba mu a Birnin Kebbi ba shi da ƙasa. Inna ce ta fara lura da haka, ni ko a jikina, murna ma nake yi na huta da shara. Lokacin jihar sabuwa ce fil, an kwaso ma'aikata daga Sakkwato an zube su a garin da ba shi da ɗakunan da za su ɗauke su. Maigidana akawu ne a wata ma'aikata, ya daɗe yana raɓe a ɗakin abokinsa kafin ya samu ɗan gidan nan mai ɗaki biyu. Wanda ya gina shi kuwa sai ka ce yana gaba da ƙasa, ya malale ko'ina da siminti tun daga bakin ƙofa har makewayi. Abin da ya bari kawai wani siririn fili ne a gindin katanga, tsawonsa bai fi tabarma ba, an kewaye shi da bulo. A cikinsa akwai fulawar nan da ake gani a asibitoci da makarantu, mai ganye mai sheƙi, furenta kunne biyar, wani fari wani ruwan hoda. Ban san wanda ya shuka ta ba, mun tarar da ita tana fama da ƙishirwa.

Maigidan nawa ɗan kawuna ne, ɗan wan Inna. Ba wanda ya haɗa mu. Tun muna yara a Argungu muke wasan taubasantaka, yana ce mini baiwarsa ina ce masa bawana, har wasan ya zama gaske. Ko bayan aure bai daina tsokanata ba, ni kuma ban taɓa barin ta kwana ba.

Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Inna ta zo daga Argungu a ƙarshen sanyi don ta tafi da ni, sai naƙuda ta riga mu shiri, aka kwashe ni zuwa asibiti. Na haifi mace. Aka miƙa wa Inna mabiyiya a cikin kwano mai murfi, ta kamo hanyar gida da ita. A wurinmu mabiyiya ba abin yarwa ba ce. Cikin gida ake binne ta, inda kare ba zai tono ba, mugu kuma ba zai kai gare ta ba, don tsofaffi na cewa wanda ya samu mabiyiyar yaro ya samu yaron. Inna ta ba ni labari daga baya yadda ta yi ta zagaya tsakar gidan da kwano a hannu tana neman inda za ta tona, tana yi wa magini addu'ar shiriya da muryar da ba ta yi kama da addu'a ba. Daga ƙarshe ta durƙusa a gindin katanga, ta tona tsakanin fulawar nan har gwiwar hannu, ta naɗe mabiyiyar a farin ƙyalle, ta kifa tsingaro a kai, ta mayar da ƙasa.

Ranar da aka sallamo ni ta ja ni wurin ta nuna mini da ƙafa.

"Ga wurin nan. Ki riƙa zuba ruwa kada shi bushe, kuma kada ki bari kowa shi taɓa ƙasag ga."

Na ce to, ina dariya a ciki. Na yi makarantar horon malamai, ina ganin na fi ƙarfin camfi.

Bayan suna muka tafi Argungu wankan jego. Na bar wa maigida amanar zuba ruwa, ya ce shi an ɗauke shi aikin akawu ne ba lambu ba, amma ya zuba. Da na dawo na tarar fulawar ta cika filin ta tumbatso kan bulo, fure ko ta ina. Yarinyar ma haka, ta yi ɓul-ɓul, wuyanta duk ya ninke. To 'yar fari ce. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, ko ta yi dariya sai in kau da kai kamar ba tawa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ni mai tsananin kunya ce a wannan fannin duk da bakina. Duk son da kunya ta hana ni nunawa sai na juye shi a kan fulawar. Ruwan wankanta a nan nake zubawa. Da safe kafin in ɗora koko sai na tsuguna na duba sababbin furanni, in cire busasshen ganye, in yi musu magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da nake son yi mata. Maigida ya ce da ya sani da fulawa ya zo duniya, da ya samu kulawa a gidan nan. Na ce ai ko a fulawar shi ƙaya zai zama.

Ban san ranar da na fara haɗa su a zuciyata ba. Na dai san in furanni sun buɗe da yawa sai in ji yinin zai yi kyau, in rana ta sa sun yi laushi sai in je in taɓa goshin yarinyar.

Damina ta yi nisa sai na ga sabon ganyen da ke fitowa a tushe ɗaya ya yi ruwan ɗorawa. Ba tsohon ganyen ƙasa ba, na saman, ɗan jariri, kuma ya fito ƙanana ƙwarai. Na ce ruwa ne ya yi mata yawa, na buɗe bulo ɗaya ya tsiyaye. A makon nan yarinyar ta tashi da zazzaɓi, tana wani irin kuka da ban taɓa ji ba, siriri, ba ya yankewa. Bayan hannuwanta da na ƙafafunta suka kumbura suka yi sumul, in ka taɓa sai ta ƙanƙame jiki. Muka kai ta wani ɗakin shan magani, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba mu magani. Ta samu sauƙi, kumburin ya saɓe, amma ba ta koma yadda take ba. Nono sai ta kama ta saki. Ninkin wuyan nan ya tafi.

Na sa maigida ya samo mini takin zamani a ƙulle a leda, na barbaɗa. Sauran tushen suka ƙara duhu, wancan kuwa ko gezau. Maimakon ya miƙe sai ya tsugune, ya riƙa fitar da 'yan rassa sirara birjik daga wuri ɗaya, a cunkushe kamar bakin tsintsiya. Sai na biyu ya kama, sai na uku. Ina ganin abin yana tafiya a layi zuwa tsakiyar filin, daidai inda Inna ta nuna mini da ƙafa.

Wata safiya na tsuguna kamar kullum, sai na ga furen da ya buɗe kore ne. Na ɗauka idona ne. Na murza ido na sake dubawa. Kunne biyar ɗin suna nan yadda suke, amma kore shar, masu kauri, da jijiyoyi irin na ganye. Na duba na kusa da shi, shi ya ma fi muni, don daga tsakiyarsa, inda ya kamata ɗan kwanson iri ya fito, wani ganyen ne ya leƙo, a kansa kuma wani. Na tashi da gudu na shiga ɗaki na ɗauko yarinyar na kawo ta haske, na buɗe idonta da yatsa. Farin idon ya yi ruwan ɗorawa, irin na ganyen nan na farko.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na zauna a kan siminti da ita a hannu. Ilimin makarantar horon malamai bai zo mini ko kusa ba. Abin da ke kaina kawai shi ne, wani abu yana cin yarinyar nan daga ƙarƙashin ƙasa, kuma fulawar tana nuna mini tun da wuri. Na fara lissafa waɗanda suka shigo gidan ina Argungu. Na tuhumi mai kawo ruwa. Na tuhumi abokan maigida. Da ya dawo aiki na tare shi tun bai cire takalmi ba, na ce ya faɗa mini wa ya bari ya shigo tsakar gidan nan. Ya fara dariya zai yi tsokana, sai ya ga fuskata, ya je ya tsuguna ya daɗe yana kallon koren furen. Ganin ya daina dariya kuwa ya fi tayar mini da hankali.

Hannuwan suka sake kumbura. Na ce ni Argungu za ni, wurin Inna. Muka shiga mota, muka wuce Ambursa, fadama ta cika da shinkafa kore har iyakar gani, ni kuwa a ranar ba abin da na tsana kamar kore. Yarinyar na kan cinyata, duk ramin da mota ta faɗa sai ta tsandara kuka.

Inna ta karɓe ta ta juya hannuwan, ta duba ido. Na ba ta labarin furen, ina sa ran ta yi mini faɗa ta ce shirme ne. Ba ta yi ba. Ta tambaye ni ko na ga alamar an tona ƙasar, na ce ban gani ba. Ta ce wanda ya iya ba ya barin alama. Aka kawo rubutu aka ba yarinyar, aka yi mata turare, aka shafa mata man shanu da wani garin magani a hannu. Na kwana biyu ina jiran sauƙi.

Ana nan sai Kawu ya shigo gaida ƙanwarsa da ganin jikarsa. Kawuna ne tun kafin ya zama surukina, don haka ban cika ɓuya gare shi ba. Daga gonarsa ta tudu yake, ya shigo da wani dami a hammata ya jefar kusa da murhu, ya ce in ya bushe a hura wuta da shi. Ina durƙushe ina gaishe shi idona ya kai kan damin. Riɗi ne ɗanye, an tumɓuko shi da saiwa. Kansa a cunkushe kamar tsintsiya. Inda ya kamata a ga farin furen riɗi da kwanso, ganye ne ƙanana a kan ƙanana, kore shar. Na manta da gaisuwar, na rarrafa na jawo ɗaya. Na tambaye shi mene ne wannan.

"Wanga? Riɗi na da ya haukace," in ji Kawu. "Kowace shekara ana samu nai, bana dai ya yi yawa. Ba shi yin ɗiya, sai ganye bisa ganye. In ka gan shi sai ka tumɓuke, in ba haka ba shi ɓata na kusa."

Na tambaye shi me ke kawo shi, ya ce Allah ne masani, shi dai tun yana yaro yake ganinsa. Na ce a gonar akwai abin da aka binne? Ya dube ni kamar ni ce na haukace, ya ce me za a binne a gonar riɗi.

Wani ɗan sanyi ya ratsa ni. In dai abin yana kama riɗi a tudun Argungu inda ba mabiyiyar kowa, to wataƙila ciwon shuka ne kawai. Amma sanyin bai daɗe ba, don kalmar tumɓukewa ta tsaya mini a rai. Na dubi Inna, ita ma ni take kallo. Ta ce a hankali, yadda Kawu ba zai ji ba, fulawar can ta gida ba a tumɓuke ta.

Muka dawo Birnin Kebbi tare da Inna, da reshen riɗin nan ƙulle a bakin zanena. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga wata mata ce daga wajen Zuru, malamar gona ce a ma'aikatar gona, kowa Malama yake ce mata. Muna gaisawa amma ban taɓa sakin jiki da ita ba, don tana da yawan tambaya. Ranar na aika aka kira ta. Ta shigo da yamma da kayan aiki a jikinta, ta tsuguna gaban fulawar, na ajiye mata reshen riɗin a gefe. Ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce, "To fa."

Sai tambayoyi. Wane ganye ne ya fara canza launi, na sama ko na ƙasa? Na ce na sama. Ta ce da yunwar taki ce da tsohon ganyen ƙasa zai fara. Na sa taki? Na sa. Ya farfaɗo? Bai farfaɗo ba. An yi feshin maganin ciyawa a kusa? Ba a yi ba. Ta juya bayan ganye tana neman ƙwari ko farin gari, ba ta samu ba. Ta bi rassan da yatsa tana nuna mini yadda gaɓoɓin suka matsu da juna. Ta tsinke koren fure ɗaya, ni kuwa sai da na runtse ido, ta ɓare shi a tafin hannunta. Ta ce in duba, ba abin da zai zama iri a ciki, duk ya rikiɗe ya koma ganye. Ta ce sauran alamomin suna iya rikita mutum, amma fure ya koma kore, ganye ya fito daga cikinsa, rassa su yi tsintsiya, wannan ciwo ɗaya ne ta sani mai yin haka, kuma shi ne a jikin riɗin.

Ta ce in ba ta farin ƙyalle. Na ba ta ɗankwalin Inna, ta shimfiɗa a ƙasa ta girgiza fulawar a kai. Wasu 'yan ƙwari suka zubo, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, suna tafiya a karkace, kana kai hannu su yi tsalle su ɓace. Ta ce su ne masu dakon ciwon. Suna tsotsar ruwan shuka mai ciwo, su je su tsotsi mai lafiya su zuba mata. Shi ciwon kansa wata halitta ce ƙarama ƙwarai da ke zaune a cikin jijiyoyin shukar, ko a ma'aikatarsu ba su da na'urar da za ta gan ta, da alamu suke gane ta. Ta faɗi wani dogon suna na Turanci da ban riƙe ba. Sai bayan shekaru na ji ana kiranta faitofilazma.

Na tambaye ta, ba daga ƙasa yake tasowa ba? Ta ce sam, daga sama yake zuwa, a bakin ƙwaro. Na ji kamar an sauke mini dutse. Har na fara murmushi, na ce to wane magani za a fesa.

"Ba shi da magani," in ji Malama. "Feshi zai kashe ƙwarin, amma wadda ta kamu ta kamu, ya riga ya shiga jikinta duka. Cire su za ki yi da saiwa ki ƙone, tun bai gama da sauran ba, ya tsallaka gidajen mutane."

Na ce ba za a cire ba. Ta ce fulawa ce fa, za ta kawo mini wata. Na ce mata da ta shigo gidan nan ta ga an rubuta ana neman fulawa? Na faɗi maganganu marasa daɗi, Inna na taɓa ni ina ƙara hawa. Matar nan ta tashi ta karkaɗe zanenta, ba ta yi fushi ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta dubi yarinyar da ke bayan Inna, ta kama ɗan hannun da ya kumbura ta duba, ta ce mu kai ta babban asibiti a auna jininta, kada mu tsaya ga maganin zazzaɓi.

Muka kai ta. Aka ɗebi jininta, aka ɗebi nawa da na maigida, aka ce mu dawo. Ranar da muka koma likitan ya tambaye mu ko mu 'yan'uwa ne. Maigida ya ce taubasai ne, har yana ɗan murmushi. Likitan ya ce yarinyar tana da amosanin jini, wanda ake kira sikila. Ya ce gado ne, rabi daga wurina rabi daga wurin ubanta, mu muna ɗauke da shi ba ya yi mana komai. Ya yi bayanin abin da za mu kiyaye, sanyi da sauro da ƙishirwa, da magungunan da za ta riƙa sha. Na bari ya gama na tambaye shi yaushe za ta warke. Ya ce ba a warkewa, a cikin jininta yake, sai dai a lallaɓa. Ya ƙara da cewa duk cikin da zan yi nan gaba yana iya zuwa da shi, yana iya zuwa ba shi.

Tun daga ranar maigida bai sake ce mini baiwarsa ba.

Na san yanzu ƙwaro ne ya kawo ciwon fulawa, na san jini ne ya kawo na yarinyar, ba abin da ya haɗa su. Na sani sarai, amma tsoron bai san haka ba. Abu biyu a gida ɗaya, a damina ɗaya, duka an ce mini yana cikin jijiya kuma ba magani, ɗayan kuma an ce a tumɓuke shi a ƙone. Na daina cin abincin kirki. Ina idar da sallar asuba zan fita in tsuguna in ga ko ciwon ya kai tushen tsakiya. Ya kai. Na riƙa tsinke korayen furannin ina ɓoyewa a bakin zane, kamar in ban gan su ba babu su, washegari wasu su fito.

Wata rana da hantsi ina wanke-wanke, yarinyar na barci a ɗaki, sai ta tsala ihun nan na ciwo. Na watsar da kwano na tashi da gudu. Sai da na ji hannun Inna a kafaɗata na gane inda nake. A gaban fulawar nake tsugune ina bincikar ganye, yarinyar kuwa tana can ɗaki tana kuka.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta shiga ta ɗauko ta, ta lallashe ta, ta ba ta ruwa da magani, ta ɗora mini ita a cinya. Sannan ta ɗaure zanenta tamau ta ce in ba ta wuƙa.

Na ce, "Inna, ke kika ce ba a taɓawa."

"Ni nib binne, ni ka tonawa. Riƙe ɗiyarki."

Ta ƙi yarda a kawo fartanya. Ta kwarara ruwa har ƙasar ta yi laushi, ta durƙusa, ta cusa hannu a gindin tushen farko tana bin saiwar da yatsu. Da ta kai inda take so sai ta zura wuƙa ta yanke, ta jawo a hankali tana bisimilla. Saiwar na fita yarinyar ta zabura a jikina. Na ce wayyo Inna ki bari. Ba ta ko waiwayo ba. Na ƙanƙame yarinyar, na sa kunnena a ƙirjinta, ina jin zuciyarta na bugawa da sauri kamar ta ɗan tsako, ina jira in ji ta tsaya. Inna ta cire na biyu, ta cire na uku. Masu ciwo da masu lafiya duk ta haɗa, ta ce ba ta barin abin da zan riƙa kallo. Da ta zo na tsakiya ta daɗe, hannunta ya nutse har gwiwa, fuskarta na kallon sama. Can ta ce, "Tsingaron shina nan yadda nis sa shi. Ba wanda yat taɓa."

Ta yanke saiwar a samansa, ta mayar da ƙasa ta daddanna da tafin hannu. Ta kwashe fulawar ta kai bayan gida ta zuba kananzir ta ƙyasta ashana. Hayaƙin na tashi, yarinyar ta yi ajiyar zuciya ta kama nono. Ina kallonta ina kuka, kuma a gaban Inna na kira sunan 'yata, karo na farko. Inna ta yi kamar ba ta ji ba, ta ce dai daga yau in ina son sanin lafiyarta in dube ta ita, ba fulawa ba.

Na je na ba Malama haƙuri, ta ce ita ta manta. Muka shiga lallaɓa yarinyar, yau lafiya gobe asibiti. Ta yi rarrafe a makare, ta yi tafiya a makare, amma ta yi. Filin gindin katanga ya zauna fayau, ina zuba masa ruwa saboda Inna, ba na tsayawa.

Da damina ta zagayo sai ga 'yan tsirrai sun fito a wurin, daga irin da ya zuba tun fulawar na da lafiya. Malama ta leƙo ta gan su ta yi murna. Ta ce in bar su, lafiyarsu ƙalau, wannan ciwon ba ya bin iri, uwa ba ta ba 'ya'yanta. Tana faɗa tana dariya, don ta faranta mini. Ba ta san ina da ciki wata uku ba. Na ce mata na gode, tana fita na tsuguna na tsince su ɗaya bayan ɗaya tun ba su yi fure ba.

Yarinyar tana nan da ranta, ta sha wuya ba kaɗan ba, yau tana ɗakin mijinta. Namijin da na haifa a bayanta bai gaji ciwon ba. Amma ranar da aka haife shi ba wanda ya san haka, an ce sai ya yi watanni kafin a iya aunawa. Ina kwance a gadon asibiti Inna ta shigo da kwano mai murfi a hannu, ta tsaya a kaina. Ta ce za ta gida, ko a gefen ta yayarsa za ta sa.

Na ce, "A'a, Inna. Ki tafi da ita Argungu yau ɗin nan. Ki binne inda kika ga dama, kada ki nuna mini."

Ta dube ni, ta rufe kwanon da gyalenta ta fita neman mota. Har ta rasu ba ta faɗa mini wurin ba, ni kuma ban tambaya ba.